Yayana Mai Ƙirga Daliget da Gyaɗa

Ranar da muka dawo daga maƙabarta, gidan 'yar Yaya da ke garin Upper Marlboro a Amurka ya cika har mutane suna zaune a kan matakalar bene. Matan zumunta na cocinmu sun kama falo suna rera waƙoƙin da marigayin yake so, amma ba su kai ƙarshen ko ɗaya ba. Da an kai tsakiya sai muryar matarsa ta karye, sauran su bi ta. Alhaji ɗan Maraɗi, mai shagon kayan abinci a Wheaton, ya ƙi shiga ciki. Yana tsaye bakin gareji da carbinsa, duk wanda ya zo wucewa sai ya riƙe masa hannu ya ce, "Tsohon nan ya tafi da gardamarsa. Wa zai musa mini magana yanzu?"

Wata tsohuwa Ba'amurkiya, baƙar fata, ta zo da kek a hannu, ta zauna a gefe. Mata suna ta raɗa suna tambayar ko wace ce. Ni na san ta, kuma zan zo kan labarinta.

A kan teburin cin abinci an jingina waya da fulas ɗin shayi. Ta cikin wayar nan ɗan farin Yaya yake kallonmu daga Jos. Ta waya ya bi mu coci, ta waya ya ga an saukar da mahaifinsa cikin rami. Duk wanda ya shigo sai ya gaida matar Yaya, ya gaida 'yarsa, ya gaishe ni, sannan ya sunkuya gaban fulas ya ce, "Sannu da haƙuri." Shi kuwa sai ya gyaɗa kai. Wata dattijuwa ta ce da ni a hankali, "Baba, wannan kallon nasa ya fi kukan duka ciwo."

Ni ba marubuci ba ne. Karatuna bai wuce firamare ba, aikina kuma tuƙa motar kai marasa lafiya asibiti. Amma mu biyu muka rage daga ɗakin uwarmu, yanzu saura ni. Idan ban faɗi yadda yayana yake ba, nan da 'yan shekaru babu abin da za a tuna sai cewa an yi wani tsoho mai son maganar siyasa. Ba son siyasa yake ba. Ɗansa yake so.

Ga yadda abin yake. Lokacin da takardun zuwa ƙasar nan suka fito wa Yaya, 'yarsa tana ƙarama, ta biyo iyayenta. Shi ɗan farin ya riga ya wuce shekarun yaro a idon doka, sai aka ce ya tsaya, ubansa ya nema masa daga nan. Yaya ya nema. Aka sa shi a layi. Da ya yi aure aka mayar da shi wani layin da ya fi na farko tsawo. Ya nemi bizar ziyara aka hana shi, ya sake nema aka sake hana shi. Da can Yaya yakan je gida ya gan shi, amma tun da ƙodarsa ta lalace aka ɗora shi a kan injin wankin ƙoda, tafiyar ta yanke. Kuma lauya ta faɗa masa a gabana, ba ta ɓoye ba: takardar nan da ransa take tafiya. Ran da mai nema ya mutu, neman ya bi shi. Tun daga ranar Yaya ya san da wa yake tsere.

Bai taɓa kiran sunan yaron ba, irin kunyar ɗan fari ta mutanen da. "Na gida" yake ce masa. Na gida ya kira. Na gida ya yi furfura, ka gani?

Yaya ya yi shekaru masu yawa yana aiki a wani garejin ajiye motoci a cikin birnin Washington, ƙarƙashin ƙasa, inda ba a ganin rana. Rediyo ce abokiyar zamansa, a nan ya koyi Turancinsa da siyasar Amurka tare. Yana da wata ɗabi'a: duk ƙarshen sanyi sai ya bi shagunan gwanjo ya sayi manyan rigunan sanyi ya tara a ɗakin ƙasa. Duk baƙon da ya sauka daga gida, Kirista ko Musulmi, ɗan Najeriya ko ɗan Nijar, Yaya zai tarye shi a filin jirgi da riga a kafaɗa. Ba ya tambayar girman mutum, sai ya kalle shi ya ce, "Za ka yi ƙiba, ta yi maka." Da irin wannan rigar ya tarye ni. Da irinta ya tarye Alhaji ɗan Maraɗi, lokacin ba shi da shago ba shi da hajji, sai jaka guda da atishawa.

Da Yaya ya samu zama ɗan ƙasa, ni na raka shi rantsuwa, domin na riga shi samu, ko da yake ya riga ni zuwa. Muna fitowa muka tarar da wasu mata a tebur suna yi wa sababbin 'yan ƙasa rajistar zaɓe. Ɗaya ta tambaye shi wace jam'iyya za a rubuta masa. Ya juyo ya kalle ni. Na ce masa da Hausa, "Yaya, ka manta rumbunan Kawu?"

Bai manta ba. Muna yara aka ƙone wa ƙanin uwarmu rumbunan accarsa ƙurmus, saboda ya kafa tutar jam'iyya a kan ɗakinsa. Tun ranar babanmu ya ja mana kunne: ku yi zaɓenku a zuci, kada ku bari a rubuta sunanku a ƙarƙashin tutar kowa. Ni haka na yi tawa rajistar, ba jam'iyya, ina zuwa babban zaɓe in jefa ƙuri'ata in dawo, ban taɓa ganin matsala ba. Sai Yaya ya ce wa matar, "Babu jam'iyya." Muka tafi muka ci shinkafa muna murna, muna ganin mun yi hankali.

Shekarar da ta biyo baya aka shiga kakar zaɓen shugaban ƙasa. A nan, kafin babban zaɓe, kowace jam'iyya tana yin zaɓen fid da gwani, jiha bayan jiha, wata bayan wata. Ƙuri'un da ɗan takara ya samu a jiha su ke ba shi wakilai, waɗanda muke ce wa daliget, kuma wanda ya tara mafi yawa shi babban taron jam'iyya yake tsayarwa. Jiharmu tana can wajen ƙarshen layi, sai an kusa tashi ake zuwa kanmu.

A cikin 'yan takarar shekarar akwai wani da Yaya ya ji da kunnensa yana cewa bai kamata uba ya tsufa yana jiran ɗansa ba, zai rage tsawon layin iyali. Shi ke nan. Daga ranar ba shi da suna a bakin Yaya sai "mutumina". Bai damu da abin da ya faɗa a kan haraji ko yaƙi ba. Mutumina ya yi magana jiya. Mutumina ya rame, ba sa ba shi abinci.

Majalisarmu shagon Alhaji ce, ranar Asabar da hantsi, a bayan buhunan shinkafa. Yaya yakan sayi ƙullin soyayyiyar gyaɗa, alhali likita ya hana shi cinta. Ba ci yake ba. Sai ya zazzage ta a kan kwali ya yi tsibi uku: na mutuminsa, na wanda ke kan gaba, da babban tsibi na jihohin da ba su yi zaɓe ba tukuna. Duk mako sai ya ɗebo daga babban tsibin ya raba bisa abin da rediyo ta faɗa. Shi kuma Alhaji ba ya iya ganin gyaɗa ya ƙyale.

"Kai Banijare, sauke hannunka! Ka cinye jiha guda."

"Ƙaramar jiha ce, Baba, ko daliget ɗin kirki babu."

"Ƙaramar jiha ba mutane ba ne a cikinta? Ku da kuka saba soja ya tashe ku da asuba ya ce ya karɓa, ina kuka san darajar ƙuri'a?"

"Mu dai namu sojan yana faɗa mana gaskiya tun da safe. Ku naku sai an gama ƙirga ake sanar da wanda aka rubuta tun bara."

Haka suke har a yi kiran Alhaji ga ciniki.

Da farko tsibin biyu suna kafaɗa da kafaɗa. Sannan na wancan ya fara tashi. Ni da Alhaji muna gefe guda: lissafi lissafi ne, idan tazara ta yi yawa ba a kamowa. Alhaji yakan kaɗa hannu ya ce da Faransancinsa, "Se fini, Baba, an gama." Yaya kuwa yana da amsa guda wadda ba ta canzawa.

"Daliget ba gyaɗa ba ne. Ɗan adam ne, yana da uwa, yana da suruka. Ana zuwa a gaishe shi."

Dalilinsa shi ne abin da ya gani da idonsa a gida yana saurayi. An kwashi wakilan yankinmu a babbar mota za a kai su taron jam'iyya, kowa ya san wanda za su zaɓa. A hanya suka tsaya shan mai, wasu dattawa suka same su a gindin bishiya, aka gaisa, aka tuna wa juna auratayya da zumunci. Kafin motar ta isa birni ra'ayi ya juya. Na sha faɗa masa nan ba can ba ne, a nan daliget ɗaure yake da wanda aka zaɓe shi dominsa. Sai ya ce, "Ɗaure da igiyar me? Ka gan ta?"

Ana haka 'yarsa, wadda take aikin jinya, ta yi kuskuren faɗa a gida cewa wata tsohuwar malamar makaranta da ke layin bayansu tana cikin masu neman zama daliget, a ɓangaren wanda ke kan gaba. Washegari Yaya ya kira ni.

"Ka sa rigar kirki ka zo. Za mu gaisuwa."

Na same shi da babbar riga da hula, da kwalbar zumar gida, da ƙunshin acca da matarsa take ta adanawa don Kirsimeti. 'Yarsa ta tare ƙofa tana cewa, "Baba, don Allah, ba a yin haka a nan. Za ta kira 'yan sanda." Ya ce, "In gaisuwa laifi ce, su zo."

Matar ta buɗe ƙofa ta ga tsofaffi biyu da manyan riguna, ɗaya yana dogara sanda. Ita ce tsohuwar nan mai kek. Ta ba mu kujera. Yaya ya fara yadda aka koya mana: ya tambayi lafiyarta, da ta maigidanta, da 'ya'ya, da jikoki, da gajiyar aiki, da yadda sanyin bana ya bar ta. Kowace tambaya ta amsa sai ta ce, "To, da me zan taimake ku?" shi kuma sai ya ƙara wata gaisuwar. Sai da ya ga ta saki jiki ya ajiye zumar a gabanta, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, ya ba ta labarin na gida tun daga farko, da Turancinsa na gareji. Bai ɗaga murya ba. A ƙarshe ya ce mata, "'Yar'uwa, idan kun shiga ɗakin taron nan aka rufe ƙofa, ba mai ganin zuciyarki sai Allah. Ki tuna da ni."

Matar ta cire tabarau ta goge ido. Ta ce babu ƙofar da ake rufewa, a gaban talabijin ake yi. Ta ce sunanta a manne yake da na ɗan takararta a jikin takardar ƙuri'a, ta riga ta yi alkawari, kuma ko ita ba a zaɓe ta ba tukuna, sai ranar zaɓen jiharmu. Ta ce, "Kai ke da ƙuri'a a yanzu, ba ni ba. Kana da rajista?" Yaya ya daki ƙirji ya ce yana da ita. Ta ce to ya je ya zaɓi mutuminsa, ko da hakan zai sa ita ta faɗi. Ba ta tambayi wace jam'iyya ba, mu ma ba mu ga dalilin faɗa ba.

A mota na ce, "To, ka ji da kunnenka."

Ya ce, "Ta karɓi zumar."

"Don kunya ta karɓa."

"Mai kunya ai shi ake nema."

Ashe daga ranar suka zama abokai. Takan tsaya da yamma ta gaishe shi ta kan shinge, shi kuma bai sake tayar mata da maganar ba.

Faɗanmu ya zo ne bayan wata babbar rana da jihohi da yawa suka yi zaɓe tare. Asabar ɗin da ta biyo, Yaya ya raba gyaɗarsa, tsibin wancan ya yi tudu, na tsakiya ya ƙanƙance. Ko yaro ya kalla ya san an wuce wurin. Amma sai ya fara: idan mutumina ya cinye jiha kaza, idan wancan ya yi tuntuɓe a baki, idan daliget suka ga yadda iska ke kaɗawa. Ba a san maci tuwo ba, in ji shi, sai miya ta ƙare. Ni kuma na gaji. Na kwana biyu ina ganin yadda yake fitowa daga injin nan kamar an matse tsumma, yana kuma ɓata ƙarfin da ya rage a kan gyaɗa. Na ce masa a gaban Alhaji da masu ciniki:

"Yaya, miya ta ƙare tuntuni. Ko mutuminka ya kwashe duk abin da ya rage ba zai kamo ba. Kuma ko ya ci, kafin ya taɓa layin nan ni da kai muna ƙasa. Ka bar yaudarar kanka, ka bar yaudarar yaron can."

Yaya bai kalle ni ba. Ya tattara gyaɗar da gefen hannu, tsibi ukun duka, ya mayar cikin leda ya ƙulle. Sannan ya ce, "Alhaji, jibi kai za ka kai ni asibiti."

Abin da na faɗa gaskiya ne, shi ya sa na ƙi ba da haƙuri. Ban gane ba a lokacin cewa ya fi ni sanin gaskiyar. Shi ke kwanciya a gadon nan yana kallon jininsa yana fita yana dawowa. Gyaɗar ce take tashe shi ya sa takalmi ranar Asabar. Makonni suka wuce Alhaji yana rufe shago yana kai shi asibiti, ni ina gidana a garin Clinton ina jiran a kira ni. Matarsa ce ta kira.

"Ƙanin miji, ya ce in tambaye ka ko motarka ce ta lalace."

Na ce lafiyarta ƙalau.

"To, gobe ne zaɓen. Ya ce shi ba zai je zaɓe a motar Banijare ba, kada a ce an shigo da baƙi."

Da safe na same shi zaune a bakin ƙofa ya riga ya shirya, cikin rigar da na gida ya ɗinka ya aiko masa. Ba mu yi maganar faɗan ba. Ya ce na ƙara tumbi, na ce shi ma hularsa ta karkace. Har ranar mutuminsa bai janye ba, yana nan yana jan ƙafa, kuma Yaya ya lissafa cewa idan jiharmu ta ba shi rinjaye, maganar za ta kai har babban taro.

A wata makarantar firamare ake zaɓen. Muka bi layi, aka duba sunansa aka samu, aka ba shi takarda. Ya shiga wurin da aka kange. Jim kaɗan ya fito da takardar a hannu.

"Ba su ba ni cikakkiya ba. Mutumina ba ya ciki."

Muka koma teburin. Ma'aikacin ya duba, ya yi mana bayani a natse. A jiharmu, zaɓen fid da gwani na 'yan jam'iyya ne kaɗai. Wanda ya yi rajista ba jam'iyya ba ya zaɓen ɗan takarar shugaban ƙasa ko daliget a wannan rana, sai dai 'yan hukumar makarantu. Na tambaya ko za a iya canzawa yanzu. Ya ce lokacin canzawa ya wuce tun makonnin baya. Na ce tsoho ne, ba shi da lafiya, wannan ne zaɓensa na farko. Ya ce ya ji, ya kuma ji tausayi, amma ba a hannunsa yake ba.

Yaya ya juyo ya dube ni. Na tsaya ina jiran abin da zai fito, domin na cancanci kowace irin magana. Sai ya ce, "Ashe kai ma ba ka sani ba."

Sannan ya miƙo mini takardar. "Waɗannan su wane ne?"

"Masu kula da makarantu."

"To, jikokina suna makaranta. Karanta mini."

Na karanta masa sunayen, ba mu san ko ɗaya ba. Ya zaɓi wata mata don ya ce sunanta ya yi kama da na mai haƙuri. Ya jefa. Muka fito. A mota, da muka kusa gida, ya ce, "Kawu an ƙone masa rumbu, amma shi ya yi zaɓensa."

Ba a daɗe ba mutuminsa ya janye. Ƙuri'ar Yaya guda ba za ta canza kome ba, kowa ya faɗa mini haka, Alhaji ya faɗa, fasto ya faɗa. Na sani. Amma ita kaɗai ce abin da yake da shi a hannu da zai yi wa ɗansa, bayan jira.

Satin da ya biyo ya sa 'yarsa ta canza masa rajista, ya sa ni ma na canza. Ya ce zai jira zagaye na gaba. Kuma ya jira, abin da likitocinsa ba su zata ba. Shekarun nan ya ƙare su tsakanin gado da inji da kujerar bakin taga. Ƙofar ƙasar kuwa sai ƙara rufewa take. Da kakar zaɓe ta sake zagayowa, ya kasa kunne ga kowane ɗan takara na kowane ɓangare, bai ji wanda ya ambaci layin iyali ba, sai masu gasar wanda zai fi ƙara wa ƙofa sakata. Na tambaye shi wane ne mutuminsa bana. Ya ce, "Bana ba ni da mutum. Amma ina da ƙuri'a." Yakan sa in kai shi shagon Alhaji, ya zazzage gyaɗa, ya raba, ba ya goyon bayan kowane tsibi. Alhaji ya daina cin jihohi. Yaya ya lura ya ce, "Ci mana, Banijare. Duka naka ne."

Tafiyarmu ta ƙarshe zuwa asibiti, ina ɗaure masa bel ya ce, "Ƙanina, kai da ka iya lissafi, layin na gida ya kai ina?"

Na ce, "Yana matsowa, Yaya."

Ya yi dariya har da tari. "Yanzu ka koyi ƙarya, da ba ta da amfani."

Ya rasu da safe a gidan 'yarsa, matarsa na riƙe da hannunsa, tun zaɓen bai iso jiharmu ba.

Bayan baƙi sun watse, an mayar da kujerun coci, na gida ya kira ni ni kaɗai. Yana zaune a tsakar gidansa, ina jin kukan awaki ta bayansa. Mutum ne yanzu mai furfura, 'ya'yansa sun isa aure.

"Baba Ƙarami, ka faɗa mini yadda yake. Ƙanwata tana ta kewaye-kewaye. Takardar ta bi shi, ko?"

Na ce lauya ta ce akwai wani roƙo da ake iya yi, amma ba kowa ake saurara ba. Na ce ƙanwarsa tana iya nema masa daga farko, a layin 'yan'uwa.

"Wanda ya fi nawa tsawo?"

"Wanda ya fi naka tsawo."

Ya gyaɗa kai. Bakina ya buɗe zai ba shi shawara, yadda ya saba, na rufe shi.

Sai ya juya wayar ya nuna mini abin da ban taɓa gani ba, domin kullum fuskarsa kawai muke gani. Ɗaki biyu ne masu rufi, a gefensu kuma ga ginin ɗakuna ya kai linta ya tsaya, bulo ya yi baƙi, ciyawa ta fito a ciki har da wata bishiya ta girma a tsakiyar falo.

"Tun kafin a haifi babbar 'yata na tsayar da shi," in ji shi. "Duk lokacin da na tashi yin rufi sai Baba ya ce in dakata, me zan yi da gida alhali tafiya zan yi. Ni kuma ba na so in ce masa a'a."

Na ce, "Don yana son ka ne."

"Na sani. Ku bar maganar roƙon nan, Baba Ƙarami, kada ƙanwata ta wahala. Gobe zan kira kafinta. Ina so in rufe shi kafin damina."

Na ce Allah ya taimaka. Ya ce amin, ya kashe wayar.

Ubangiji da ya ba mu Yaya ya karɓi abinsa. Ya ba shi hutun da bai samu a nan ba, ya riƙe matarsa da 'yarsa, ya sa albarka a rufin da za a ɗora a Jos. Mu da muka rage, ya ba mu haƙuri.